Binciken da ke Tsayawa a Ƙofar Fada

Idan ana lissafin garuruwan da ilimi ya yi wa ƙaranci, bai kamata a sa Garwa ta arewacin Kamaru a ciki ba. A nan hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON take tun 1974. A Bokle, 'yar tafiya kaɗan daga gari, akwai LANAVET, ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke haɗa allurar rigakafin shanu da awaki, wadda ake kaiwa har ƙasashen maƙwabta. Makarantar horar da masu kula da namun daji da aka buɗe a 1970 ta yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Ga tashar cibiyar binciken noma ta IRAD, ga reshen cibiyar Pasteur, ga hukumar MEADEN mai nazarin tsara ƙasa da raya yankin Arewa, sannan a Janairun 2022 aka kafa jami'ar Garwa, ta zo ta tarar da ta Ngaundere da ta Marwa. Sau biyu, a 2002 da 2009, masanan Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya da Faransa suka taru a garin, suka yi kwanaki suna baje abin da suka gano game da ƙasa da noma da kiwo a wannan shiyya.

Duk da haka, kowace shekara idan kaka ta yi, rigimar manomi da makiyayi tana dawowa a kan burtalin da kowa ya sani. Gonar da masana suka ce ta gaji tana ƙara gajiya. To a ina binciken yake tsayawa?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce masana suna rubutu da tsawo, da Faransanci mai nauyi, su buga a mujallun Turai da ba sa isowa teburin magajin gari. Maganin da ake kawowa shi ne a taƙaita, a mayar da shafi ɗari uku shafi biyu, a kira taro. Ban musa wannan ba, sai dai ƙaramin ɓangare ne na matsalar. Abin da shekaru hamsin na arewacin Kamaru suka nuna, a ganina, shi ne sakamakon bincike yana tafiya idan akwai wanda aikinsa da albashinsa suka rataya a kan ɗaukarsa, yana kuma cijewa a daidai inda ya taɓo tambayar wa ke da iko da ƙasa.

Wanda ya taɓa zama a taron bayyana sakamakon bincike ya san tsarinsa. Ɗakin taron otal ne, na'urar sanyaya ɗaki tana ta kuka, kwali da biro a gaban kowa. Wakilin gwamna zai karanta jawabin buɗe taro, a yi hoto a bakin ƙofa, ya shiga mota ya tafi kafin mai bincike na farko ya kunna majigi. Waɗanda suka rage su ne ƙananan jami'an ma'aikatun noma da kiwo da gandun daji, mutanen da galibi sun riga sun san abin da za a faɗa, wasunsu ma su suka raka mai binciken ƙauyukan. A can baya ga wakilin lamido da rawaninsa, ga arɗo ɗaya ko biyu, suna zaune har a tashi ba su ce uffan ba, domin da Faransanci ake yi, su kuwa da Fillanci suke yanke hukunci. Da yamma a karanta jerin shawarwari, kowace ta fara da "ya kamata gwamnati", a sa hannu a takardar kuɗin zama, a watse. Mai ba da tallafi zai samu rahoton cewa an isar da sakamako ga masu ruwa da tsaki. An isar ɗin, amma ga waɗanda ba su da ikon yin komai da shi.

Ba wai taƙaitawa ba ta da amfani ba ne. A Yawunde, Farfesa Pierre Ongolo-Zogo ya kafa wata cibiya a 2008 da aikinta ke nan: ta tattara abin da bincike ya tabbatar a kan wata matsalar lafiya, ta rubuta shi a gajarce tare da zaɓin matakan da za a iya ɗauka, ta zaunar da jami'an ma'aikatar lafiya su tattauna a kai. A fannin lafiya irin wannan hanya tana kaiwa. Dubi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata a lokacin damina. An gwada shi a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, Kamaru ta fara rabawa a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa a 2016. Daga minista zuwa wakilin ma'aikata a Garwa, zuwa gundumar lafiya, zuwa ma'aikacin da ke bin gida-gida da kwalin magani, sarƙar ba ta tsinke ba. Kuma ba wanda ya rasa gona ko makiyaya saboda an ba yaro ƙwaya.

A noma, sarƙa irin wannan guda ɗaya ce a arewa, ita ce ta auduga. SODECOTON tana da yarjejeniya da IRAD, kuma irin audugar da manoma ke shukawa daga tashoshin gwajin nan yake fitowa. Idan masana suka ce a sauya iri, ko a sauya maganin feshi saboda tsutsa ta daina jin na da, maganar tana zama takardar umurni, ta bi ta hannun shugaban yanki zuwa malamin gona, zuwa ƙungiyar manoman ƙauye. Manomi ya karɓi iri da taki da magani bashi, a cire idan ya kawo auduga sikeli. Ana iya sukar tsarin, kuma manoma suna sukarsa, musamman lamunin haɗin gwiwa da ke sa mai ƙoƙari ya biya bashin rago. Amma cikin damina ɗaya ko biyu abin da aka gano a filin gwaji yana isa gonaki dubbai. Babu ma'aikatar gwamnati a arewacin Kamaru da za ta iya yin haka.

Labarin gawo ya fi kowanne nuna yadda abin yake. Manomin Hausa ba ya buƙatar a gaya masa darajar gawo: itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa dawa rana, ya yi kore da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Tufurawa da sauran manoman Arewa Mai Nisa su ma sun san haka tun kaka da kakanni. Amma da aka kawo noman auduga da garmar shanu, abin da malaman gona suka koyar shi ne a share gona tas, a tumɓuke kututture don kada garma ta karye. Tsofaffin gawo suka tsaya, ƙanana suka daina tasowa. Daga baya masanan IRA, wadda ta zama IRAD a 1996, tare da na cibiyar CIRAD ta Faransa irin su Régis Peltier, suka auna suka nuna cewa amfanin gona ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, musamman a ƙasar da ta gaji. Da a taron otal aka tsaya, da yanzu maganar tana cikin kwali. Sai aka sa ta cikin shirin DPGT da SODECOTON ta gudanar daga 1994 zuwa 2002, sannan shirin ESA mai kula da ruwa da ƙasa da itace ya ɗora. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi ƙaramin gawon da ya tsiro da kansa a gonarsa, ya kare shi daga garma da wuta, a zo a ƙirga, a ba shi tukuicin da bai wuce sefa 100 ba a kan kowane itace, a rarrabe cikin shekara uku. Ta haka aka raya gawo fiye da miliyan ɗaya.

Sefa 100 ba kuɗi ba ne, ko a wancan lokacin. Abin da ya yi aiki shi ne mai ƙirgawa yana dawowa baɗi, kuma kamfanin da jiya ya ce a tumɓuke shi ne yau yake cewa a bari. Sai dai ko wannan nasarar ta yi karo da bango daga baya. Gawo ya girma, inuwarsa ta yi yawa, manomi yana son ya sassabe reshe ya ba awaki ya samu itacen girki, amma yana tsoron jami'in gandun daji ya ci shi tara a kan itacen da shi ya raya. Masanan da suka koma bayan shekaru sun rubuta haka. Wannan kuwa ba hurumin kamfanin auduga ba ne.

Yanzu a kwatanta da noman rufe ƙasa da aka fara gwadawa a farkon shekarun 2000, wanda aka ɗauko dabararsa daga Brazil da Madagaska. Ba a huɗa, ba a kwashe kara bayan girbi, ana shuka ciyawa ko wani wake tsakanin dawa don ya ƙara abin rufi, baɗi a huda rufin a shuka auduga. Masanan IRAD da CIRAD sun auna a gonakin manoma: ruwa ya fi shiga ƙasa, zaizaya ta ragu, bayan 'yan shekaru amfani ya ƙaru, musamman inda ruwan sama ya yi ƙaranci. Kamfani ɗaya ne, malaman gona ɗaya, hujja ma ta fi ta gawo yawan alƙaluma. Amma bai yaɗu yadda aka yi fata ba. Dalilin yana bayyana a watan Disamba. Da an kwashe amfani, al'adar ƙasar ita ce gona ta zama ta kowa: shanun gari da na masu wucewa su shiga su ci kara da harawa, mata su ɗebi na girki da na danga, abin da ya rage wuta ta lashe. Manomin da ya ce kada saniya ta taɓa karansa ba sabuwar dabarar noma kawai ya ɗauka ba, ya sauya dokar gari ne shi kaɗai. Kuma saniyar da yake kora wataƙila ta mai garin ce, ko ta wani attajiri a Garwa. Makiyayin ma da hujjarsa: karan nan shi ne abincin garkensa har ruwa ya sauka, kashin shanunsa kuma shi ne takin gonar.

A nan ne ya kamata a tambaya, su wane ne masu yanke shawara a ƙasa? A takarda, dokar 1974 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka hannun gwamnati. Dokar 1977 ta kasa sarakuna daraja uku ta mayar da su mataimakan hukuma. Ta 1978 ta ɗora sasanta rigimar manoma da makiyaya a kan kwamitin da suprefe, wato babban jami'in gwamnati na gunduma, ke shugabanta. A aikace kuwa, a Rey Buba da Ceboa da Bibemi da Turuwa, wanda ke ba baƙo gona, ya ce a nan za a yi mashekari, ya karɓi zakka bayan girbi, shi ne lamido ta hannun lawan da jauro. Tun daga shekarun 1970, lokacin da shirin raya arewa maso gabashin Binuwai ya fara kwaso manoma daga duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa, dubban ɗaruruwa suka sauko neman ƙasa, da yawansu suna noma gonar da ba su da tabbacin za a bar musu ita baɗi. Ga kuma gandun namun daji na Binuwai da Faro da Buba Njida da wuraren farautar da ke kewaye da su, waɗanda suka cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na faɗin yankin Arewa. Mutumin da bai san ko zai noma gonarsa baɗi ba, me zai sa ya jibga mata taki? Masana sun rubuta wannan sau ba adadi. Matsalar ita ce sakamakon yana nuna yatsa ga wanda ake son ya aiwatar da shi. Ba kowa ke da ƙarfin halin shiga fada ya ce ranka ya daɗe, binciken ya nuna rashin tabbas ɗin daga nan yake fitowa ba.

An taɓa gwadawa. Ma'aikatan DPGT sun shiga sasanta rikicin ƙasa, suka zaunar da manoma da makiyaya da wakilan lamido da suprefe, aka bi daji da ƙafa, aka kafa alamun siminti a kan iyakokin ƙauyuka da burtali, aka sa hannu. Masana irin su André Teyssier da Christian Seignobos sun rubuta yadda aka yi da inda aka sha wuya. A ganina wannan shi ne mafi kusa da abin da ake nema, domin taswirar ba a bango aka haska ta ba, a ƙarƙashin itace aka shimfiɗa ta gaban masu iya cewa e ko a'a. Rauninsa shi ne shiri yana da ranar ƙarewa. Motar da ke kai mai sasantawa ta tsaya, suprefe aka yi masa canji, sabon da ya zo bai san da yarjejeniyar ba, siminti kuwa ba ya hana garma.

Wani lokacin hujja ta cika, mai iko ma ya yarda, kuɗi ne babu. A 1979 aka gina madatsar Maga da shingen kogin Logon don noman shinkafar kamfanin SEMRY. Ruwan da ke malala kowace shekara a fadamar Waza ya ragu, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya yi ƙasa, namun daji suka ragu. Shirin da ƙungiyar IUCN ta jagoranta, tare da masanan jami'ar Leiden ta Holland da takwarorinsu na Marwa, ya yi abin da ba a cika yi ba: maimakon rubuta shawara, a 1994 suka fasa shingen a wuri ɗaya, ruwa ya koma ya rufe kusan murabba'in kilomita 200, a 1997 aka ƙara buɗe wata mashiga. Aka bi ana aunawa shekara bayan shekara. Ciyawa ta dawo, masunta da makiyaya suka dawo, lissafin tattalin arziki ya nuna ribar ta fi kuɗin aikin. Babban matakin da aka tsara na mayar da ruwa ga sauran fadamar bai samu mai biya ba. Sai da ambaliyar 2012 ta yi barazanar fasa madatsar, Shugaba Paul Biya ya zo da kansa, sannan Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 a 2013, su ma don gyaran shinge. Tsoron ambaliya ya buɗe asusun da shekaru na awo ba su buɗe ba.

A wannan fadamar dai, Mark Moritz na jami'ar jihar Ohio da abokan aikinsa na Marwa sun bi makiyaya shekaru, suka nuna cewa barin kowa ya yi kiwo inda ya ga dama bai lalata makiyayar ba, domin garkuna suna rarraba kansu daidai da yawan ciyawa. Wannan ya saɓa wa abin da aka koya wa yawancin jami'ai a makaranta, cewa dajin da ba shi da shinge ƙarewa zai yi. Irin wannan sakamako ya fi kowanne wuyar shiga ofis. Wasu masanan kuma sun daɗe suna rubutu kan magudanan kifi da ake ta haƙawa a fadamar da yadda suke tare hanyar shanu. A Agusta da Disamban 2021 faɗa ya ɓarke tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa a Logon Birni, ya kai har Kusiri, kimanin mutum 100,000 suka bar gidajensu, akasarinsu suka tsallaka Chadi. Rikici irin wannan ba shi da dalili ɗaya, amma ba za a ce an rasa wanda ya yi hannunka mai sanda ba.

Yanzu akwai sabbin kujeru. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta faɗaɗa ikon magadan gari, a ranar 6 ga Disamban 2020 kuma aka zaɓi majalisun yankuna karo na farko. Kowace tana da mutum 90, a ciki 20 wakilan sarakunan gargajiya ne. Dokar ta ce a ware wa ƙananan hukumomi da yankuna abin da bai gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati ba, abin da ke isowa kuwa bai kai haka ba. Magajin gari yana da kundin tsarin raya ƙaramar hukuma, wanda galibi ɗan kwangila ne ya rubuta shi cikin 'yan watanni, cike da jerin rijiyoyi da azuzuwa, ba tare da ya leƙa digirin da aka yi a kan ƙauyukan ba. Ba na ɗora wa magajin gari laifi sosai. Rijiya ana ganinta ranar zaɓe, burtalin da aka kare ba a gani. Amma kujerun nan 20 abin lura ne. Masu riƙe da ƙasa suna zaune a majalisa ɗaya da masu kasafin kuɗi, a zaman da ake rubuta abin da aka faɗa. Da ni ne shugaban wani sashe a jami'ar Garwa, da can zan fara neman a ba ɗalibaina rabin awa, da Fillanci, da taswira ɗaya.

Zancen harshe ya tuna mini da Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa da aka haifa a 1934. Ya yi shekaru yana bin fada-fada da na'urar ɗaukar murya, yana tattara tarihin Rey Buba da Garwa da Marwa daga bakin dattawa da Fillanci, yana bugawa. Da gwamnati ta rufe cibiyar nazarin ɗan Adam ta ƙasa a 1991, ya koma jami'ar Maiduguri, can ya rasu a 2004. Hanyar da ke ɗauko ilimi daga fada zuwa littafi ta daɗe a buɗe, lamidai ma sun saba karɓar mai tambaya. Ta komawa ce ba a cika bi ba. Kuma Fillanci ba na Fulani kaɗai ba ne a can, shi ne harshen da Batufure da Bahaushe da Bamafe ke ciniki da shi a kasuwar Pitowa.

Akwai haɗari, ba zan ɓoye ba. Mai binciken da ya saba zaman fada yana iya zama bafade, ya koyi sassauta abin da ya gano don kada a rufe masa ƙofa. Mafi muni, bayanin da ya tara daga bakin baƙin manoma ko makiyayan Mbororo, cewa wane ya biya kaza, wane aka ƙwace masa gona, yana iya zama makami a hannun wanda suka yi ƙorafi a kansa. Shi ya sa zaman da DPGT ta yi ya fi ganawar sirri: kowa yana wurin, abin da aka faɗa wa lamido arɗo ya ji, jauron baƙi ya ji. Shi ya sa kuma ya fi kyau mai ɗaukar saƙon ya zama ma'aikacin dindindin na jami'a ko na MEADEN, wanda zai dawo baɗi kamar mai ƙirga gawo, ba ɗan shirin shekara uku ba.

Gwajin da ke gaba yana Lagdo. 'Yan China suka gina madatsar ruwa a nan tsakanin 1977 da 1982. A Najeriya an fi saninta da wasiƙar da ke zuwa kusan kowace damina cewa za a buɗe ƙofofi, Yola da Makurɗi da Lakwaja su shirya. A gefen Kamaru kuwa maganar ita ce filin ban ruwan da aka yi alkawari tun farko, wanda ɗan kaɗan ne aka gina. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin VIVA-Bénoué a ƙarƙashin MEADEN, a gyara tsohon fili a buɗe dubban hekta sabbi. Injiniyoyi za su haƙa magudanai, wannan ba abin damuwa ba ne. Wanda zai samu fili a Gunugu da Wuro Dukuje, ɗan ƙasa ko baƙon da ya shekara talatin yana noma, mace ko mijinta, da ta inda garken da ya saba sauka bakin Binuwai da rani zai bi, waɗannan duk an yi nazarinsu, wasu tun kafin a haifi ɗaliban da ke jami'ar Garwa yau. Jerin sunayen masu filin kuwa za a rubuta shi ne a ofishin suprefe da zauren lawan.